Tsaga Biyu a Faifan Innarka

Talata Mafara,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Zariya. Allah Ya tsare hanya, Ya raba direbanku da gyangyaɗi, Ya raba tayoyinku da ƙusa, Ya sauke ka cikin mutanen kirki, amin. Za ka tarar da ita ƙarƙashin ƙullin daddawar da ke cikin akwatinka. Innarka na ba, ita ta saka, ni ban taɓa akwatin ba, ka tambaye ta. In takardar ta ɗauki wari ka yi haƙuri, can ne kaɗai na tabbata za ka kai hannu.

Kwana takwas ke nan rabon da ka ce min wani abu ban da "ina kwana, Baba" da "sai da safe, Baba". Gaisuwar tana nan cif, har da durƙuso, amma babu kowa a cikinta. Na kuma san mafari. Talatar makon jiya muna tsaye a kara, Alhaji Mudi na Bakura mai kai shanu kudu ya hango mu, ya ɗaga murya irin wadda yake yi wa bajimai magana da ita, ya ce, "Malam Garba! Wanga na yaron da za ni riƙa leƙa maka a jami'a? Bari in dube shi da kyau, kada in tahi in yi ta bin ɗan wani." Na yi tari, na ƙifta ido, na taka masa ƙafa. Ya ce in yi haƙuri in ɗaga ƙafata daga kan yatsansa, ya ci gaba da lissafa abin da na ce ya duba: su wa kake bi, ƙarfe nawa kake komawa ɗaki, kana salla a jam'i, ka fara shan taba. Kai kuwa ka saɓa buhun dusa ka yi gaba. Ba ƙarya ya yi ba, ni na sa shi. Abin da ke ci min rai yanzu shi ne ka tafi da wannan shirun, ka zauna da shi shekara huɗu, ka dawo min da gaisuwa kawai.

Abin haushin, makon da ya gabaci wannan Talatar ne ka yi min magana mafi tsawo tun da aka haife ka. Ka kawo min fura bakin kanal, inda nake aikin buɗe ƙofar ruwa da rufe ta, muka zauna kan kwalbati muna kallon ruwa yana fita ta bututu biyu. Ka ce in dubi inda igiyoyin ruwan suke haɗuwa: wani wuri ya yi tozo, wani wuri ya kwanta, layi bayan layi. Shekaru ina zaune a wurin, ban taɓa kula ba. Sai ka ce haske ma haka yake yi, kuma irin karatun da za ka je yi ke nan. In an yi tsaga biyu sirara kusa da juna, aka saki haske ta cikinsu, bangon da ke baya ba ya nuna layi biyu, sai ratsi-ratsi masu yawa, fari da baƙi, kamar zanen saƙi. Na ce to, ashe haske ruwa ne. Ka ce a'a, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, ana ma iya sakin sa ɗaya bayan ɗaya, kowace ƙwaya ta faɗa wuri guda a bango ta bar ɗigo. Ɗigo ɗaya ba ya nuna komai. Amma in an yi haƙuri ɗigon ya taru, sai ratsin nan ya fito, kamar kowace ƙwaya ta bi tsagar biyu gaba ɗaya. Na ce a sa mai gadi mana a bakin tsagar, ya ga wadda ta bi. Ka yi dariya, ka ce, "An sa, Baba, na'ura ce. Da zarar an san hanyar da kowace ƙwaya ta bi, ratsin ya ɓace, sai tuli biyu kurum. A ɗauke na'urar, ratsi ya dawo."

Ni abin da na ɗauko daga wannan zance shi ne haske yana da kunya. Na faɗa maka haka, ka buɗe baki za ka gyara min, sai ga wani manomi yana ihu lokacin ruwansa ya yi, na tashi ban ji ƙarshen magana ba. Kuskure na farko ke nan da zan lissafa maka, kuma shi ne mafi sabo. Washegari da hantsi na ɗauki tocila da reza da sabon faifan innarka, na hau rumbu, na zura, na jawo murfi. Na yi wa faifan tsaga biyu, na kunna tocila, na juya mata baya ina yi kamar damman gero nake ƙirgawa, sannan na waiwayo farat don in kama hasken bai shirya ba. Sau bakwai ina yi. Ban ga komai ba sai dabbare biyu a jikin rumbu. Na rufe ido ɗaya. Na yi masa 'yar waƙa ko zai saki jiki. Innarka ta ji rumbu yana waƙa da rana tsaka, ta zo da taɓarya, ta ɗaga murfi.

Ta ce, "Malam? Mi kaka yi ciki?"

Na ce, "Haske nika son in kama."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta kalli hannuna, ta ce, "Wancan faifaina na?"

Na ce shi ne. Ta ce Allah Shi ba ni lafiya, ta mayar da murfin ta rufe ni a ciki. Kwana uku tana gaya wa maƙwabta zazzaɓi ne ya hau min kai. Kai ne daga baya ka ƙarasa min zancen, kanka a ƙasa, kafaɗunka suna rawa don dariya. Ka ce tsagar da na yi kaza za ta iya leƙawa ta ciki, kuma idon mutum ba shi ne ke aikin ba. Kafin a san hanyar da ƙwayar ta bi, dole wani abu ya taɓa ta ko ta bar masa alama, kuma ko babu kowa a ɗakin, in dai alamar tana nan, ratsin ya tafi. Ka ƙara da cewa abin ma gwargwado ne: a san hanyar kaɗan, ratsin ya dusashe kaɗan, a san ta duka, ya tafi duka. To shawarata ta farko, ka riƙa jin maganar malaminka har ƙarshe, in ba ka gane ba ka ɗaga hannu ka tambaya, ko da 'yan aji za su yi dariya. Kuma in za ka gwada wani abu, ka gwada da kayanka.

Na biyu ya tsufa, amma har yau yana bina. Shekarun da aka gama dam, bayan ruwa ya cinye gonarmu ta wajen Maradun, muka kwaso tukwane da ku muka dawo Mafara, aka ɗauke ni wannan aiki na ƙofar ruwa. Ba na son tuna barin gonar nan, kabarin kakanka yana ƙarƙashin ruwan, kuma duk ranar da na buɗe ƙofa sai na yi masa addu'a. Amma ba wannan zan ba ka labari ba. Bututun nan biyu da muka zauna a kansu, ɗaya yana ba gonakin hagu, ɗaya na dama, kuma manoman kowane ɓangare sun rantse ɗayan ya fi samun ruwa. Har an fara zuwa ban ruwa da gora a hannu. Injiniyanmu ya ba ni sanda mai lamba, ya ce in auna kowane bututu kullum in rubuta. Ni kuwa sabon ma'aikaci, ina son a ga himma. Na ga aunawa daga kan kwalbati aikin raggwaye ne, sai na naɗe wando na shiga ruwa, na tsaya daidai bakin bututun hagu, na manna ciki don in ga lambar da kyau. Lokacin ina da jiki, ba kamar yanzu ba. Ruwa ya zo ya tarar da ni, ya juya ya bi dama. Na rubuta: hagu kaɗan. Na koma bakin na dama na tsaya haka, ruwa ya juya hagu. Na rubuta: dama kaɗan. Mako guda ina wannan wanka. Ranar da na kai littafi na ce, "Yallaɓai, abin da ban mamaki. Duk bututun da na auna, shi ne ƙarami."

Ya hau babur ya biyo ni. Ya ce in nuna masa yadda nake yi. Na naɗe wando na shiga. Ya dubi bututu, ya dube ni, ya sake duban bututu, ya zauna a ƙasa yana dariya har hularsa ta faɗa ruwa. Manoman hagu da na dama, da ba sa ga maciji da juna, ranar suka sha fura a ƙwarya ɗaya suna nuna ni da ludayi. In ka taɓa jin tsofaffi suna ce min Garba Toshe ka ɗauka sunan garinmu ne, to ga asalinsa. Saboda haka, ɗana, duk abin da za ka auna a ɗakin gwaje-gwajenku, ka fara duba inda ka tsaya. Haka in za ka tambayi abokinka wani abu. In ka je masa da fuskar alƙali, amsar da zai ba ka ta fuskarka ce, kada ka rubuta ta a littafi ka ce halinsa ke nan.

Na uku kana da wayo aka yi shi, sai dai ba ka san ni ne ba. Ka san yadda innarka ke daddawa: ta dafa kalwa, ta wanke, ta zuba a kwando bisa ganye, ta lulluɓe da tsummoki, ta ajiye a kusurwar ɗaki kwana uku ba a taɓawa. Ni kwana ukun nan ne ba na iya jurewa. Me take yi a ciki? Ta fara? Ta yi zafi? Wata shekara ta yi babban kwando don kasuwar Talata, na riƙa bi safe da yamma ina ɗaga tsumma, in zura hannu in ji ɗumi, in mayar yadda na same shi. Kullum sai in ji ɗumin ya ragu, hankalina ya ƙara tashi, in ƙara yawan dubawa. Ranar buɗewa aka tarar da kalwa sanyi ƙalau, ba yauƙi, ba ƙamshi, ko akuya ta shinshina ta wuce.

Ta tsaya tsakar gida ta ce, "Wa ya buɗa min kwando?"

Na ce, "Dubawa kurum na yi."

Ta ce, "To dubawar ta kashe ta."

Na tambaye ta ita yaya take sanin ta nuna in ba ta buɗe ba. Ta ce daga ƙofar ɗaki take ji, in ta nuna ita ke aiko da wari da kanta. Na san za ka ce haske ba daddawa ba ne, kuma lissafinsa ya fi ƙarfin kwando. Na yarda. Amma da ka ce min ba a sanin hanyar ƙwayar sai an taɓa ta, hannuna na tuna a cikin kwandon nan. In karatu ya ƙi shiga a makon farko, kada ka yi ta ɗaga wa kanka tsumma kana cewa ba ka da kai. Ka je aji, ka yi aikinka, ka ci abinci, ka ba shi kwanakinsa.

Duk waɗannan na faɗa maka su ne don in samu bakin faɗin na huɗu, wanda shi ba ya ba ni dariya. Kai ne ɗan farinmu. A al'adarmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zura masa ido, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Babana har ya rasu "kai yaro" yake ce wa yayana. Ni na ce zamani ya canza, na yar da kunyar tun kana rarrafe, kuma ban tsaya nan ba. Na tsaya a tagar ajinku a firamare har malami ya ba ni kujera. Na bi ka rafi daga nesa ina laɓewa bayan giginya, da ƙaton cikin da nake da shi lokacin. Na karanta littattafanka, har waɗanda ban san harshensu ba. In an yi baƙi sai in kira ka in ce ka kawo karatu, ka tsaya baki ya kafe, abin da jiya na jiyo ka kana rerawa a bayan gida. Na ce a raina yaron nan shiru-shiru ne, haka Allah Ya yi shi, na rubuta a littafina na zuci.

Sai mutane suka riƙa tare ni a hanya. Mai gyaran keke ya ce jiya Lawali ya kusa kashe su da dariya. Mai shayi ya ce in kana wurin ba ya sayar da komai, kowa ya riƙe ciki. Wai har tafiyata kana kwaikwayo, da yadda nake juya sitiyarin ƙofar ruwa ina cije leɓe. Na yi ta hanzari zuwa zaure in na jiyo shewa, ina sa ƙafa sai wuri ya yi tsit, ka miƙe ka durƙusa. Duk Mafara ta ga ratsinka, Lawali. Ni da na fi kowa kallonka, tuli biyu na samu, "ina kwana" da "sai da safe". Ranar kanal ma na yi ta tunanin me ya buɗe maka baki, sai daga baya na gane ranar ce kaɗai muka zauna idona yana kan ruwa.

Innarka ita ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Shekara ashirin ban ji sunanka a bakinta ba, sai "wanga yaro", kuma in kana gabanta murhu take kallo. Amma daga yadda ka ajiye bokiti take sanin an ɓata maka rai, daga ragowar tuwo a kwano take sanin jarrabawa ta kusa. Ba ta taɓa tambayarka ina ka je ba, kuma kai kake zama bakin madafa kana ba bayanta labari. Ranar da muka dawo daga kasuwa ta ga yadda ka jefar da buhun dusa, ta jira ka fita, ta ce, "Malam, shekara ashirin kana kallon wanga yaro. Ka taɓa ganin shi?" Na fita na zauna a zaure, kuma wallahi na ji kunya irin wadda ban ji ba ranar da injiniya ya zauna a ƙasa.

Ranar Asabar na hau keke na tafi Bakura. Na tarar da Alhaji Mudi har ya sayi baƙin tabarau saboda aikin, ya kuma shirya da wani mai shayi a Zariya wanda zai riƙa laɓewa bayan teburinsa. Na ce masa an fasa.

Ya ce, "Haba Malam Garba, ko leƙe guda?"

Na ce, "Ko guda."

Ya ce, "In mun yi kiciɓis a tasha hwa?"

Na ce, "Ka amsa gaisuwarshi, ka ba shi kilishi, ka koma ga shanunka. In ka dawo kada ka ce min komi, ko na tambaye ka."

Ya ce ai zan tambaya. Na ce na sani, shi ya sa nake gaya masa tun yanzu. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ransa a ɓace, ya ce zai ba surukinsa.

To ga abin da na yanke. A gwajin nan naku akwai mai gadin tsaga, akwai kuma bango, wanda ba ya bin kowa, abin da ya iso gare shi kawai yake karɓa. Na yi gadi shekara ashirin, yanzu bangon nake so in zama. Ka rubuto min in ka ga dama, abin da ka ga dama, ko da layi biyu ne cewa miyar makaranta ba gishiri. Ba zan tambaye ka ta wace tsaga ka bi ba, ba zan aiko kowa ya tambaya ba. Zan riƙa tara takardun a gwangwanin da nake ajiye mabuɗin ƙofar ruwa, ɗigo bayan ɗigo, ko Allah zai ba ni ran da zan ga ɗan nan da mai shayin garinmu yake ba ni labari. Ba zan ɓoye maka ba, abin zai yi min wuya, tun yanzu hannuna yana ƙaiƙayi. Innarka ta ce ta jingine taɓarya a bakin ƙofa, ranar da ta ga na wanke keke ba dalili za ta san inda na nufa.

Ka riƙe salla, ko babu mai gani, Wanda ake yi dominSa ba Ya bukatar Alhaji Mudi. Ka ci abinci a kan lokaci. Daddawar ta isa wata uku in ba ka nuna wa 'yan ɗakinku ba.

Gobe da safe motarku za ta bi ta gefen kanal. Lokacin da kake karanta wannan ka riga ka gan ni zaune kan kwalbati, na ba hanya baya, ban ɗaga hannu ba, ban waiwayo ba. Ba fushi nake ba, ɗana. Ruwa nake kallo, kuma kunnena yana kan motar har ta sha kwana.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka inda idona ba ya kai, Ya buɗa maka karatu, Ya dawo mana da kai da dariyarka. Innarka ta ce a gaida wanga yaro.

Wassalam.

Ni ne babanka,
Garba mai ƙofar ruwa.